Dutsen Da Ke Ƙarƙashin Kutama

Masu haƙa rijiya a Kutama da ƙauyukan Gwarzo da Kabo sun san cewa da zarar an wuce jar ƙasa da marmara, sai a iske dutse mai taurin gaske. Shin daga ina ya samo asali?

Ɓawon duniya a tsattsage yake kamar fasasshiyar ƙwarya, kuma kowace sakaina tana tafiyar 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, sakainar yammacin Afirka ta yi karo da ta gabas da ita. Manyan tsaunuka suka taso, duwatsu suka narke a ƙarƙashinsu, sannan suka sandare. Ruwa da iska suka cinye tsaunukan, sai gindinsu ya rage, shi ne wannan dutse. Abin mamaki, akwai ɗan'uwansa a arewa maso gabashin Burazil, domin dā ƙasashen a haɗe suke.

Dutsen ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga da ruɓaɓɓen samansa. Don haka wata rijiyar burtsatse takan kawo ruwa, maƙwabciyarta kuwa ƙaf. Ganganci ne a kashe kuɗin jama'a wajen haƙa ba a auna inda tsagar take ba.