Yadda Dillalin Motoci Zai Ci Gaba da Ciniki Idan Masu Kutse Sun Rufe Masa Manhaja

A ranar 19 ga Yunin 2024, kamfanin CDK Global na Amurka ya kashe na'urorinsa bayan masu kutse sun shiga cikinsu. Shi ne ke riƙe da manhajar da dillalan motoci wajen 15,000 a Amurka da Kanada ke tafiyar da harkokinsu da ita, tun daga lissafin motocin da ke ƙasa da takardun sayen mota bashi har zuwa odar kayan gyara. Ana cikin ƙoƙarin dawo da aiki aka sake kai wani harin, kuma sai da aka shiga Yuli kafin yawancin dillalan su koma daidai. Kamfanin bincike na Anderson Economic Group ya ƙiyasta cewa asararsu ta haura dala biliyan 1. Dillali ba shi da iko a kan tsaron gidan wani, don haka shirin da ya dace da shi, a ganina, shi ne ya iya ciniki ranar da manhajar ba ta nan.

Aikin yana farawa tun ana zaune lafiya. Mai gida ya tara shugabannin sassa, na ciniki da na gareji da na kayan gyara da akawun kuɗi, kowa ya faɗi aikin da ba zai iya kwana ba a yi shi ba. Daga nan a riƙa fitar da kwafin bayanan da waɗannan ayyuka ke buƙata, a ajiye a na'urar da ba ta haɗe da intanet: motocin da ke ƙasa da lambar jikin kowace da farashinta, waɗanda aka yi wa alƙawarin gyara a makon, cinikin da ba a kammala ba. Sashen kayan gyara ne ya fi buƙatar wannan. Bakanike ya zo yana neman takalmin birki, kayan na nan cikin sito, amma a tsakanin dubban kwalaye kwamfuta ce kaɗai ta san a wace kanta yake da nawa ake sayar da shi. In babu bugaggen jeri mai lambar kanta, motar za ta kwana a gareji alhali abin da za a sa mata na bayan bango. Sai kuma a buga rasit da takardar aikin gyara masu lamba bi da bi, a kulle a kabad, kuma lokaci lokaci a yi atisaye, a yi rabin yini da takarda da biro, domin da yawa cikin matasan ma'aikata ba su taɓa cike takardar ciniki da hannu ba.

Ranar da abin ya auku, abu na farko shi ne a yanke haɗin da ke tsakanin kwamfutocin gida da na kamfanin da aka kai wa hari, kada wutar ta tsallako, sannan a canza lambobin sirri. A naɗa mutum ɗaya wanda shi kaɗai zai riƙa magana da kamfanin. Dalilin a fili yake: a lokacin harin CDK, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara na buga wa dillalai waya da sunan ma'aikatansa, suna neman a ba su hanyar shiga. Ma'aikacin da ya ƙagu aiki ya dawo shi ne ya fi saurin miƙa musu. A sanar da banki da kamfanin inshora, a kuma gaya wa masu saye gaskiya cewa takardu za su ɗan yi jinkiri. A Amurka akwai kuma batun doka, domin tun Mayun 2024 hukumar FTC mai kula da harkokin kasuwanci ta wajabta wa dillalan da ke shirya wa mutane bashin mota su kai mata rahoto cikin kwana 30 idan an kwashi bayanan mutum 500 ko fiye.

Wani zai ce ai ajiye kwafin bayanan jama'a a gida buɗe wa ɓarayi ƙofa ta biyu ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa kwafin bai kamata ya ƙunshi komai da komai ba. Lambar mota da farashin kaya su ake buƙata don ciniki. Lambobin asusun banki na masu saye a bar su inda suke, abin da aka kwafa kuma a kulle shi da lambar sirri. Wani kuma zai ce gara a koma wani kamfanin manhaja. Sai dai kamfanonin da ke wannan sana'a ba su da yawa, ƙaura tana cin watanni, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa ba za a kutsa sabon kamfanin ba.

Dawowar manhaja ma aiki ne mai zaman kansa. Duk abin da aka rubuta da hannu sai an shigar da shi, bisa jerin lambobin rasit, a gwada shi da abin da banki ya nuna da kayan da suka rage a sito. Gidan da ya yi ta rubutu a kan kowace takardar da ya tsinta zai kai ƙarshen wata yana neman inda kuɗin aikin wani bakanike ya maƙale.