Tsohuwar Kurangar Inabi Da Ingancin Amfanin Shekara: Darasi Daga Kudancin Amurka

Masu lambu a gundumar Mayo Bani ta Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, da 'yan kasuwar da ke tunanin zuba jari a noman inabi irin wanda ake yi a Kudan ta Jihar Kaduna, suna da abin koyi daga manoman Kudancin Amurka.

Mutanen Sifen ne suka kai inabi ƙasashen Peru da Chile a ƙarni na 16. Har yau a kwarin Maule da na Itata akwai kurangar irin País da ta haura shekara 100, tana rayuwa da ruwan sama kaɗai. Ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin Faransa tun daga shekarun 1860 bai shiga Chile ba, domin hamadar Atacama da duwatsun Andes da teku sun yi mata katanga. A Mendoza ta Ajantina kuwa, an kawo irin Malbec daga Faransa a 1853.

Tsohuwar kuranga ba ta yin 'ya'ya da yawa, amma saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa, don haka takan jure fari, 'ya'yanta kuma su fito ƙanana masu ƙarfin ɗanɗano. Wasu daga cikin masana'antun giya da ke sayen wannan inabi sukan biya shi da tsada fiye da na sabuwar gona.

Sai dai shekarun kuranga ba su ne kaɗai ke yanke farashi ba. Yanayin shekara ma yana da tasa rawar. Ana girbi a can daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma ruwan da ya sauka dab da girbi yakan sa 'ya'ya su ruɓe, zaƙinsu ya ragu. Haka ta faru a Mendoza a 1998 da 2016, shekarun da yanayin El Nino ya kawo ruwa fiye da kima.

Saboda haka, kada mai lambu ya yi gaggawar sare tsohuwar itaciya don haihuwarta ta ragu, sai ya fara auna kuɗin da 'ya'yanta ke kawowa, domin sabuwar kuranga takan kai shekara uku kafin ta fara ba da amfani. A ƙasarmu ana daidaita yankan rassa ne yadda 'ya'ya za su nuna da rani. Shi kuma ɗan kasuwar da ke sayen lambu tun kafin girbi, wajibi ne ya binciki shekarun itatuwa da yadda damina ta kasance kafin ya ba da kafin alƙalami.