Kafin ku miƙa yaro ga masta: shawarwari ga iyaye a Nguru da Gashuwa

Gwada ƙwanji ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Da an kammala girbi ganga kan tashi, 'yan kokawa su fito, 'yan dambe su naɗe hannu da zare. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a fage ya san a bainar jama'a ake yi: ga alƙali, ga dattawa, ga makaɗa, kuma da gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an raba. Kareti da takwando da judo da kunfu ta wata ƙofa suka shigo mana, ta finafinan Burus Li da Jaki Can, yanzu kuma ta waya. Su ba a fagen gari ake koyonsu ba. A bayan aji ne, ko a wani kango, ko gefen filin ƙwallo da asuba, inda babu babba sai mai koyarwa, wanda yara ke kira masta.

Ni ina goyon bayan yaro ya koya. Maƙwabcinmu Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar da takwando ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi, Chika Chukwumerije ya kawo wa Nijeriya tagulla daga Beijin a 2008. Amma koyarwar sana'a ce da kowa zai iya sayen baƙin bel a kasuwa ya ɗaura, ya ce shi malami ne. Tantance mutumin ya rage ga iyaye.

1. Ku je ku kalla, ba tare da sanarwa ba. Uba ko kawu ko yaya ya samu wuri ya zauna tun daga farko har a tashi. Kada ku bi ta kan gwanin ajin mai tsalle yana juyi a sama. Ku zuba ido ga ƙaramin yaron da ke layin baya, wanda ƙafarsa ba ta ɗaguwa. Idan ya yi kuskure, me masta ke yi? Yana zuwa ya gyara masa tsayuwa, ko yana sa sauran su yi masa dariya? Yadda ake yi da wannan yaron haka za a yi da naku a watannin farko. Mastan da ya ce iyaye ba sa shiga, wai sirrin wasa ne, ku yi masa sallama daga bakin ƙofa. Babu wani sirri a wasan da ake nunawa a talabijin.

2. Ku tambayi masta wa ya koyar da shi. Tambaya ce ta girmamawa: "Malam, a hannun wa ka yi karatu, kuma wa ya ba ka bel?" Mai gaskiya zai ambaci suna da gari da shekara, har ya ji daɗin an tambaya. Takwando da kareti da judo kowanne na da ƙungiyarsa ta ƙasa, kuma ana iya bin sawun mai koyarwa ta hukumar wasanni ta jiha a Damaturu. A takwando, shaidar baƙin bel da duniya ta fi amincewa da ita daga cibiyar Kukkiwon ta birnin Siyol na Koriya ta Kudu take fitowa, da lambarta. Takarda kaɗai ba ta sa mutum ya iya riƙe yara, amma rashinta ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 2021, a Taiwan, an yi ta kayar da wani yaro ɗan shekara 7 har sau 27 a ajin judo, yana kuka yana cewa kansa na ciwo. Ya suma, bai farfaɗo ba har ya rasu a watan Yuni. Mai koyarwar ba shi da lasisi.

3. Ku sa a lissafa muku kuɗin shekara, ba na wata ba. Nan ne yawancin rigima ke farawa. Kuɗin wata shi ake faɗa da baki don ya yi daɗin ji, sauran sai an shiga suke fitowa ɗaya bayan ɗaya: kuɗin fom, yunifom, bel, kuɗin jarrabawa, kuɗin takardar shaida, kariyar ƙirji da ta ƙwauri, gudummawar biki, kuɗin mota zuwa gasa a Damaturu ko Kano. Ku zauna da masta da biro da takarda, ya rubuta kowanne da lokacinsa, ya sa hannu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma yawancin magidanta a nan ko albashin ba su da shi; manoma ne da masunta da 'yan kasuwa, kuɗinsu na zuwa ne da kaka. Don haka ba abin kunya ba ne a nemi ragi ga 'yan gida ɗaya, ko a ce za a ɗinka yunifom wurin tela a Hausari ko Sabon Gari maimakon a saya a hannun masta. Farin yadi mai ƙwari ya ishi mai koyo. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, ko da a littafin makaranta ne aka rubuta.

4. Kada ku biya na shekara gaba ɗaya. Da yawa daga masu koyarwa a garuruwa irin namu baƙi ne: ɗan bautar ƙasa da zai gama cikin shekara guda, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da zai tafi hutu, ma'aikacin tsaro da za a iya yi wa canjin wurin aiki cikin dare. Wata-wata ya fi.

5. Ku lura da saurin canjin bel. Launin ɗamara alama ce ta matakin karatu, daga fari har zuwa baƙi, kuma kowace jarrabawa da kuɗinta. Wannan ne ke jan wasu su riƙa shirya jarrabawa akai-akai, kowa ya biya ya haye. Idan ba a taɓa jin wanda ya faɗi ba, to sayar da bel ake yi. Baƙin bel na gaskiya kan ci shekara uku zuwa biyar na atisaye ba fashi, kuma a tsarin Kukkiwon wanda bai kai shekara 15 ba matakin yara ake ba shi, ba na manya ba. Illar ba ta tsaya ga aljihu ba. Yaron da aka ɗaura wa abin da bai kai ba zai ɗauka ya iya, ya je ya tsokano wanda zai ji masa ciwo. Ku tambaya ko akwai wani malami daga waje da ke zuwa sa ido a jarrabawa.

6. Duka ba horo ba ne. Na san wasunmu za su ce ai mu ma da bulala muka tashi, kuma wasan faɗa dole a sha wuya. Wuya iri biyu ce. Akwai gajiyar gudu da miƙa jijiya da maimaita bugu ɗaya har ya zauna. Wannan ita ce karatun. Akwai kuma mari, da shuri a ciki don "a ƙarfafa shi", da tsallen kwaɗo a rana don an makara, da haɗa sabon shiga da ƙato don a karya masa girman kai. Wannan zalunci ne da aka sa wa yunifom. Su kansu Japanawa masu abin sun gane haka: 'yan wasan judo mata 15 na ƙasar sun kai ƙarar babban kocinsu kan mari da duka da sanda, ya ajiye aiki a 2013. Ku riƙa duba jikin yaro in ya dawo. Kumburin ƙwauri daga abokin atisaye daban yake da shatar bulala a gadon baya.

7. Zafi da ruwa. Wannan ta fi kowace shawara damuna, saboda inda muke zaune. Daga Maris zuwa Mayu zafin Nguru da Gashuwa kan haura digiri 40, kuma babu unguwa a Gashuwa, daga Katuzu zuwa Zango, da ba ta san abin da ciwon ƙoda ya yi wa mutanenta ba. Masana na ci gaba da binciken dalilin yawansa a yankin. Abin da likitoci suka riga suka tabbatar shi ne, aiki mai tsanani cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba yana cutar da ƙoda. Akwai masu koyarwa da ke hana shan ruwa a lokacin atisaye, wai juriya suke koyarwa. Akwai masu sa yaro ya ƙi ci ya ƙi sha, ko ya yi gudu cikin rigar leda, don ya rage nauyi ya shiga rukunin ƙanana a gasa. Kada ku yarda da ko ɗaya. Atisaye ya kasance bayan asuba ko can bayan la'asar, a inuwa, kowane yaro da gorarsa, a kuma riƙa tsayawa ana sha. A watan azumi a sassauta, ko a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Uwa ita za ta fi saurin ganin alama. Idan bayan atisaye mai nauyi yaro ya kasa miƙewa don ciwon cinya da dantse, fitsarinsa ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi, to naman jikinsa ne ya farfashe, dattinsa ya bi jini yana toshe ƙoda. Ba gajiya ba ce da za a ce ya kwanta ta wuce. A ranar za a kai shi Asibitin Tarayya na Nguru ko asibitin Gashuwa, a gaya wa likita abin da ya yi.

8. Babu ƙwaya, babu haɗi. Mastan da ke ba yara magani "don ƙarfi" ko "don kada a ji zafi" ya fita daga aikinsa. Tramadol ta riga ta ci mana matasa da yawa, kuma sau da dama daga neman kashe gajiya ake farawa. Ko magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, yawan shansu a jikin da ruwa ya ƙare yana taɓa ƙoda. Haka ma mastan da ke cewa a kawo kuɗin laya ko na maganin ƙarfe, shi ma ya fita daga aikinsa. Wannan harkar 'yan tauri ce, ba ta cikin karatun kareti.

9. Ku dubi ƙasan da ake faɗuwa. Rairayi mai laushi da aka tsince ƙaya da kwalba ya fi siminti sau dubu, kuma rairayi dai ba mu rasa shi ba. A judo, watannin farko na koyon faɗuwa ne kafin a fara kayar da kowa. Wani malamin jami'a a Japan, Ryo Uchida, ya tattara alƙaluman da suka nuna ɗalibai fiye da 100 sun mutu a judon makarantu tsakanin 1983 da 2011, akasari daga buguwar kai, kuma mafi yawansu sababbin shiga ne. Yaron da kansa ya bugu, ya yi amai, ko jiri, ko ya rikice, ko barci ya rinjaye shi, an gama atisayen ranar. Sai likita ya gan shi, kuma ba zai koma fage ba sai likitan ya ce ya koma.

10. Kada babba ya keɓe da yaro, mace ko namiji. Wasa ne na taɓa jiki: a riƙe ƙugu, a ɗaga ƙafa, a danne kafaɗa. Yaro kuma an koya masa cewa ba a yi wa masta musu. Mai mugun nufi irin wannan wurin yake nema. A Amurka, likitan 'yan wasa Larry Nassar ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan magani, wasu ma iyayensu na cikin ɗakin. A 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu suka ba da shaida a kansa. Abin da ya kare shi tsawon lokaci shi ne sunansa, da kuma rashin yarda da maganar yara.

Ku kafa ƙa'ida tun ranar farko, a gaban yaron: babu darasi na musamman a ɗakin masta, babu tausa, babu aike zuwa gidansa, babu hira ta waya da dare, babu kwana a tafiyar gasa sai da wani daga cikin iyaye. 'Yan mata su samu mace mai koyarwa, in babu, to wata uwa ta zauna a wurin har a tashi. Sutura ba ta hana su wasa. Feryal Abdelaziz ta Masar da ɗankwalinta ta ci zinare a kareti a Tokiyo a 2021. Kuma kada a ce namiji ne, ba abin da zai same shi. Yana samunsu, su ne ma suka fi yin shiru.

11. Salla da Islamiyya su ne gaba. Ajin da ke cinye magariba ko lokacin hadda a gyara masa lokaci. Batun sunkuyon gaisuwa kuma, wanda malamai da yawa ba su yarda a yi wa ɗan Adam ba, ku tambayi malaminku tun kafin a shiga, domin a wasu gasannin ƙa'ida ce. A wurin atisaye dai masta mai hankali zai karɓi sallama da hannu a ƙirji.

12. Ku san inda ake kai su bayan atisaye. An ga yadda 'yan siyasa suka yi amfani da majiya ƙarfi: Kalare a Gombe, Sara-suka a Bauchi, 'yan daba a Kano. Ranar da aka ce yara su sa yunifom su je tsaron wani taron kamfen, a ranar za ku cire naku. Jiharmu kuma ta ga abin da ta gani na rashin tsaro, don haka taron samari masu atisayen faɗa a bayan gari abu ne da za a iya yi wa mummunar fahimta. Ya zama bulama da lawani da ofishin 'yan sanda sun san da ajin, sun san mai shi.

13. Idan yaro ya ce ba zai koma ba, ku saurare shi kafin ku tuna kuɗin da kuka biya. Kada a fara da "ragon banza". A kira shi gefe, uwa ko kaka ko wanda ya fi sakewa da shi, a tambaye shi a hankali: "Ɗana, me ya faru a wurin?" Wataƙila gajiya ce kawai, mako guda ta wuce. In kuwa ya ambaci duka, ko taɓawa, ko ƙwaya, ku yarda da shi tukuna, ku dakatar da zuwa, ku tuntuɓi sauran iyaye, a je asibiti in akwai rauni, sannan a kai magana ga shugaban makarantar da ta ba da fili, da bulama, da 'yan sanda. Don Allah kada a kashe maganar a zaure da ban-haƙuri don gudun abin kunya. Mastan da aka sallama a asirce daga Nguru, bayan wata biyu zai buɗe sabon aji a Gashuwa ko Machina, da 'ya'yan wasu.