Kada ka share sakamakon da ya saɓa wa hasashenka

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku, tun ranar farko ka sayi littafi mai ƙwaƙƙwaran bango, ka riƙa rubutu da biro. Kowane shafi da kwanan watansa. Rubuta nauyin sinadarin da ka auna, da zafin ɗakin gwaji, har da sa'ar da aka ɗauke wuta firji ya huce. Bayan wata takwas ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe maka waɗannan ba, alhali su ne za su bayyana dalilin da gwajin Talata ya bambanta da na Alhamis.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar yanke hukunci. A 1982, a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren sun yi ta ƙoƙarin rainon wata ƙwayar cuta da suka samo a tumbin marasa lafiya. Ana zubar da farantan rainon bayan kwana biyu saboda ba a ga komai ba. Hutun Ista ya sa wasu farantai suka ƙara kwanaki, sai ga ƙwayar ta tsiro. Ita ce Helicobacter pylori, mai haddasa gyambon ciki, kuma aikin ya ba su kyautar Nobel a 2005. Don haka in faranti ko alƙalumanka sun fito a baibai, kai wa malaminka su yadda suke, ku duba tare.

Ka tsai da yawan samfurinka kafin ka fara tattara bayanai. Kwafin bayanan kuwa, ajiye shi wuri biyu, ɗaya a intanet.