FITSARIN JINI BA BALAGA BA NE

Kai maigida, ko ka taɓa lura da fitsarin ɗanka? A ƙasar Rara da Rabah da Wurno da Goronyo akwai yaran da in sun zo ƙarshen fitsari sai jini ya ɗigo. Waɗansu sukan ce zafin rana ne, waɗansu kuwa su ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne, sunansa tsargiya.

ABIN DA KE KAWO TA

A cikin 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aiki a Alƙahira ta ƙasar Masar, ya ga waɗansu 'yan tsutsotsi cikin jijiyoyin jinin mutum. Su ne ke kawo tsargiya. A cikin 1915 kuma wani likita, Robert Leiper, ya nuna dodon koɗi na ruwa ne ke renon su.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin, ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su shiga dodon koɗi, su yi yawa, su sake fitowa cikin ruwa. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita. Duk wanda ya shiga ruwan nan, sai su huda fatarsa, su bi jini, su zauna kewaye da mafitsara, suna ta yin ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan nan ne ke ji wa mafitsara ciwo, har jini ya fito.

Dodon koɗi yana son ruwa mai kwanciya, kamar tafki da kududdufi da hanyoyin ban ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama cikin 1984, da fadamar Wurno sun kawo mana albarkar shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma inda ruwa ya kwanta, nan tsargiya ke fakewa.

ABIN DA LIKITOCIN SAKKWATO SUKA GANI

Tun cikin 1911 wani likita a Alƙahira, Ferguson, ya lura ciwon daji na mafitsara yana bin tsohuwar tsargiya. Mu ma a ƙasarmu an bincika. Farfesa Isma'ila Mungadi, likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi da abokin aikinsa suka duba masu wannan ciwo a Sakkwato. Cikin 2007 suka buga abin da suka samu: mafi yawa irin dajin da ke tafiya da tsargiya ne.

To, ka gani. Jinin da aka rena a jikin yaro, shi ne kan zama babban ciwo in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA ZA KA YI

1. In ka ga jini a fitsarin yaro ko yarinya ko babba, kai shi asibiti a duba fitsarin.
2. Akwai magani, ƙwaya ce da ake kira firazikwantel. In ma'aikatan lafiya sun zo rabawa a makaranta, bar ɗanka ya sha, amma ya ci abinci tukuna.
3. Magani ba ya hana sake kamuwa. Hana yara wanka da wasa a tafki.
4. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa. Gina salga a gidanka.
5. In ba rijiya kusa, a ɗebo ruwan wanka a ajiye shi kwana biyu. 'Ya'yan tsutsa za su mutu.
6. Mai aikin ban ruwa ya sa dogon takalmin roba.

GA DATTAWA

Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan ƙululu da ya kewaye hanyar fitsari. In shekaru sun ja, yakan kumbura. Sai mutum ya riƙa tashi fitsari da dare, ko ya yi ta yunƙuri yana fita kaɗan kaɗan. Wannan ba tsargiya ba ce, ba kuwa abin kunya ba ne. Kada ka jira sai fitsari ya tsaya. Tafi asibiti tun da wuri, gama akwai magani, akwai kuma aiki.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.