Yadda Ake Gano Ciwon Dajin Furostet, Daga Ɗibar Jini Zuwa Hoto

Idan dattijo a Zurmi ko Shinkafi ya fara tashi fitsari sau biyar cikin dare, yana yunƙuri yana fita ɗis-ɗis, yawanci sai a ce tsufa ne, ko basir. Sau da yawa furostet ce, wato ƙullutun nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Da jini ake farawa. Ana so mutum ya ƙaurace wa iyali kwana biyu, ya ajiye keke, kuma in yana fama da ciwon sanyi a fara magance shi, don duk suna ɗaga sakamako. Ma'aikacin lab zai ɗebi jini kamar cikin ƙaramin cokali, ya bar shi ya daskare a kwalba, sannan ya sa a injin da ke wulwula shi har ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya taso sama. A wannan ruwan ake auna PSA, wani sinadari da furostet ke yi don tsinka maniyyi. Kaɗan ne ke zirarewa cikin jini sai in ƙullutun ya sami matsala.

Adadin da ya haura 4 yana sa likita ya ƙara duba, amma ba hukunci ba ne. Kumburin tsufa kawai yana iya kai shi can. Na ga wanda ya karɓi takarda ya koma gida ya fara wasiyya, ashe kumburi ne.

Daga nan likita zai sa safar hannu ya taɓa ƙullutun ta dubura. Nan ne maza ke nokewa, alhali ba ya wuce minti ɗaya. In ya ji tauri, sai hoto: sikanin, ko MRI in da hali, sannan a tsakuro tsoka da allura, galibi wuri 12, a duba ta a madubin likita. Wannan ne ke tabbatar da ko daji ne. Mutumin Ƙauran Namoda zai nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Akwai kuma wani nau'in hoton PET, wanda Amurka ta amince da shi a Disamban 2020. Ana yi wa mutum allurar da ke manne wa PSMA, wani sinadarin da ya yawaita a jikin ƙwayoyin dajin, sai su haska ko da sun ɓuya a ƙashi. Wannan kam sai an yi doguwar tafiya.

Baba, in ka haura 50, ko 45 in ciwon ya taɓa mahaifinka ko ɗan'uwanka, ka je a ɗebi jinin tun fitsarin bai tsaya ba.