Kafa Rauta a Gida: Ƙofofi Biyu da Makullansu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake kafa na'urar nan mai rarraba intanet a cikin gida, domin amfanin wanda bai taɓa yi ba. Masu sayar da ita suna kiranta rauta, kuma sunan da za a yi amfani da shi a nan ke nan. Kalmar ararriya ce daga Turanci, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, domin tagwan wasalin da ke cikinta shi ne wanda ake ji a sauti da tauri. Da yake kuma ta ƙare da wasalin a, sai ta shiga jinsin mace, aka ce rautar nan, ba rautan nan ba.

Aikin rauta

Kafin a taɓa na'urar ya kamata a san aikinta, don wanda ya san aikin ba zai rikice da fitilu da lambobi ba. Ana iya kwatanta rauta da zauren gida, wanda yake da ƙofar waje da ƙofar cikin gida. Ta ƙofar waje take haɗuwa da kamfanin sadarwa, ko dai ta igiyar da aka jawo har gida, ko kuwa ta layin waya da ake sa mata a ciki. Wannan na biyu shi ya fi yawa a Nijeriya, inda kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo ke sayar da rautoci masu ɗaukar layi. Ta ƙofar ciki kuma take magana da wayoyi da kwamfutocin mutanen gida, ta hanyar waifai.

Kamfani adireshi ɗaya tak yake ba wa gida. Rauta ce ke yanka wa kowace waya nata adireshin na cikin gida, mai farawa da 192.168, sa'an nan ta riƙa karɓar saƙo daga waje tana miƙa wa mai shi. Alal misali, kamar akwatin gidan waya ne da mutum goma suke tarayya a kansa, mai riƙe da makulli ya ɗebo wasiƙu ya raba.

Wuri da kunnawa

Abu na farko shi ne layi. Tun watan Disamba na 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma layin rauta bai fita daga wannan doka ba. Sai a sa shi a gurbinsa tun na'urar tana kashe, sa'an nan a jona ta da wuta da cajar da ta zo da ita. Yawancin rautocin gida bolt 12 suke ci, cajar aro kuwa tana iya ƙona su. Bayan minti ɗaya ko biyu fitilun za su tsaya, alamar ta sami sabis.

Zancen wuri ya fi yadda ake zato muhimmanci. Waifai igiyar rediyo ce, kuma katanga tana rage mata ƙarfi. Ginin ƙasa mai kauri, da dakin siminti mai rodi, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, duk suna cinye ta. Saboda haka rautar da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, a bayan talabijin, ba za ta kai tsakar gida da kirki ba. A ɗora ta a bisa, a sarari, wajen tsakiyar gida. Idan mai layi ce, a gwada ta kusa da taga, domin ita ma sai ta ji turken kamfani kafin ta ba wani. Rautoci da yawa suna watsawa a zango biyu, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, na biyun ya fi sauri amma a kusa.

Makullai biyu

A nan ne akasarin masu koyo suke tuntuɓe, domin suna zaton kalmar sirri ɗaya ce, alhali kuwa biyu ne. Ta farko ita ce ta shiga waifai, wadda ake ba wa iyali da baƙi. Ta biyu ita ce ta shiga shafin sarrafa na'urar kanta, kuma wanda ya riƙe ta shi ne maigidan rauta na haƙiƙa. Yana iya korar kowa, ya sake kalmar farko, har ma ya karkatar da mutanen gida zuwa shafin banki na jabu.

Duka biyun suna rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashin na'urar. Da ta farkon za a haɗa waya da rauta. Daga nan a buɗe burauza, a rubuta adireshin da ke jikin takardar, wanda galibi 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko kuma 192.168.8.1 a rautocin Huawei. Shafi zai fito yana neman suna da kalmar sirri, kuma a na'urori masu yawa kalmar nan admin ce a gurbin duka biyu. Makullin da kowa ya sani kuwa ba makulli ba ne. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin na'urori tana gwada musu sunaye da kalmomin masana'anta wajen 60, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. Da su aka kai wa kamfanin Dyn farmaki ran 21 ga Oktoba na shekarar, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da yawa a Amurka, masu na'urorin kuwa ba su ma san ana aiki da kayansu ba. Don haka wannan kalma ita za a fara sakewa, tun kafin a duba komai.

Sa'an nan a koma ga waifai. A sake masa suna, amma kada a sa sunan maigida, don ba dole ba ne duk mai wucewa ya san gidan wa ke da rauta. A wajen zaɓen tsaro za a ga WEP da WPA2 da WPA3. Masana sun fasa WEP tun 2001, bai da sauran amfani. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018, kuma ɗayan biyun nan za a zaɓa. Akwai kuma WPS, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗawa da lamba takwas. An gano ɓarakarsa a 2011, kashe shi ya fi.

Kalmar waifai tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi ƙawa amfani. Lambar wayar maigida da sunan ɗan fari su maƙwabci zai fara gwadawa, kuma da datar wata ta ƙare a mako guda sai a ɗora wa kamfani laifi. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a haɗa da lambobi, sun wadatar. Amma fa a guji haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko da yake ɗalibin Hausa ba zai so jin haka ba. Ƙa'idar WPA2 haruffan Turanci ta tanada, kuma allon rubutun talabijin da na wasu wayoyi ba su da namu.

Da zarar an adana sabon suna, waya za ta yanke daga rauta. Ba lalacewa ba ce, tsohon sunan ne ya ɓace, sai a nemi sabon a shiga da sabuwar kalma. Idan kuwa an manta kalmar sarrafawa, akwai wani ɗan rami a bayan na'urar da aka rubuta Reset a kansa. A danna shi da tsinke na kimanin daƙiƙa 10, komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, har da admin ɗin nan. Wanda hannunsa ya kai ga rauta ma zai iya yin haka, saboda haka ba a ajiye ta a zauren da kowa ke shiga.